Ranar Da Na Je Neman Naman Kaza A Bakin Kogin Kano

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa irin na da ya san yadda uwa take da ɗanta na fari. Ni ce 'yar fari a wurin Umma, yau shekarata 40 da 'yan kai a duniya, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai dai ta ce "ke", in kuma zance ya biyo ta kaina a cikin mutane ta ce "waccan". Ba ta taɓa buɗe baki ta ce in sayo mata ko da goron naira biyar ba, alhali ƙannena tana aikensu yadda ta ga dama, har ta yi masu faɗa idan sun yi nawa. Ban taɓa jin haushin hakan ba domin na san kunya ce, amma ba zan ɓoye maku ba, na daɗe ina fatan wata rana ta nemi wani abu a hannuna.

Daminar bara waccan ta kwanta ciwo, hawan jini da ciwon suga suka haɗu mata, muka yi mako uku a asibiti. Da aka sallame ta sai na roƙi ƙannena maza su bar min ita a gidana in yi jinya. Ciwo ya lafa, sai dai abinci ya gagara. Babu abin da ban dafa ba, farfesun kifi, kunun gyaɗa, faten wake, kwaɗon zogale, sai ta yi loma ɗaya ta ture kwanon ta ce ta ƙoshi. Kullum tana ƙara zubewa, har zoben hannunta ya riƙa sulluɓewa da kansa. Likita ya ce magungunan da take sha ba sa son cikin da babu komai, in aka ci gaba a haka sai mun koma gado.

Wani yammaci ina wanke-wanke sai na jiyo ta tana yi wa autata wasan jika, tana cewa, "Ke kishiya, ni da zan sami miyar naman kaza irin ta tsohuwata ai da na ci tuwo." Daɗi ya kama ni. Nan da nan na sa aka yanka kaza, na yi miya har da su kayan ƙamshi, na kai mata. Ta buɗe kwano ta duba, ta rufe, ta juya fuskarta bango ba ta ce komai ba. Da dare na buga wa ƙanwarta waya, wadda muke kira Inna, na ba ta labari. Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kayya 'yar birni! Ba kaza mai fiffike take nufi ba, naman kaza na ƙasa take so, wanda ke fitowa a kan suri."

Sai a lokacin na gane. Abin nan ne da muke ce wa laimar kwaɗi muna yara, wanda ake kwaɓarmu kada mu taɓa, har a ce in ka taɓa ka sa hannu a ido za ka makance. Ban taɓa sanin Bahaushe yana cin sa ba, na ɗauka sai Turawa da mutanen Sin. Washegari na shiga wani babban kanti na sayo na gwangwani da kuɗi masu ciwo, na yi miya. Umma ta ɗauki yanki ɗaya ta latsa da yatsa, ta ce wa autata, "Wannan ai roba ce."

Ƙauyensu Umma yana ƙasar Tudun Wada, can kudancin Kano, fiye da kilomita 100 daga birni. Ana bin hanyar Zariya ne har Kwanar Ɗangora, sannan a karya a ɗauki hanyar Jos. Maigida bai so tafiyar ba da farko, saboda wajen ba shi da nisa da dajin Falgore, kuma kowa ya san labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu da aka sha yi a dajin. Sai da Inna ta tabbatar masa cewa ba za mu doshi daji ba, bakin kogi kawai za mu bi ta gefen gonaki, sannan ya amince, bisa sharaɗin babban ɗana ya raka ni. Muka tafi ranar Juma'a da yamma muka kwana, domin Inna ta ce ba a neman naman kaza da rana tsaka, kuma ba ya kwana biyu a hannu, in ka ciro yau to yau za ka dafa, in ba haka ba tsutsa ta riga ka.

A nan sai na faɗi wani abin kunya. Rabona da ƙauyen nan tun ina 'yar shekara 12. Na rubuta littattafai ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma waɗanda suka karanta sun san yadda nake yi da 'yan ƙauye a ciki. Baƙauya a littafina ita ce wadda take ganin firij ta ruga da gudu, ita ce mai shan ruwan wanke hannu a gidan Alhaji, sai an kawo ta birni an wanke ta sannan ta zama mutum. Masu karatu suna son haka, 'yan kasuwa ma suna so, ni kuma ina sayarwa. Ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na tuna cewa matar da ta haife ni daga can aka ɗauko ta ba.

An yi ruwa cikin dare, irin mai tsawa ɗin nan, Inna ta ce mun taki sa'a. Muna idar da sallar asuba muka fita mu huɗu, ni da ita da ɗana da wani jikanta ɗan kimanin shekara 10 mai riƙe da sanda da 'yar fartanya. Inna ta haura 60, amma wallahi da muka ɗauki hanya sai da na riƙa haɗawa da sassarfa. Ta dubi takalmin da na sako ta girgiza kai, ta koma ta ɗauko min wani tsohon takalmin roba na mijinta. Na so in ƙi, Allah Ya taimake ni ban ƙi ba.

Muka ratsa gonakin masara da dawa, raɓa ta jiƙe mana zannuwa sharkaf har gwiwa, sannan muka gangara muka tsallaka wata 'yar ƙorama da ruwanta bai wuce idon sawu ba. Daga nan hanyar ta zama 'yar siririya, sawun mutane da na shanu, tana bin gaɓar kogi. Wannan shi ne Kogin Kano, wanda ya gangaro daga duwatsun kudu ya ratsa Falgore, shi ne aka tare a Tiga a 1974, shi ne kuma yake haɗuwa da Challawa su zama kogin Haɗeja. Na sha rubuta sunan Tiga a littafi, wurin da saurayi yake kai budurwa shan iska, amma ban taɓa ganin ruwan tun kafin ya isa can ba. Ja ne jawur saboda laka, yana tafe yana kumfa, ɗauke da karare da rassan itace. Ga baure da giyayya sun yi layi a bakin ruwa, ga ɗinya da kanya, can nesa cikin gonaki kuma gawo yana tsaye tsirara babu ganye kamar yadda ya saba da damina. Shamuwa biyu suna kiwo a fadama, cilakowa tana ta ƙara a kan marke.

Ni kallon sama nake, Inna kuwa idonta yana ƙasa. Ba ta ratse sai inda ta ga suri, musamman wanda yake ƙarƙashin inuwa. Kafin mu matsa sai yaron ya fara bubbuga ƙasa da sanda, domin ramukan tsohon suri ɗakin macizai ne, kasa da kububuwa ba sa gudu da wuri. Mun duba suri ya fi goma babu komai. Wani an riga mu, ga ramin da aka tona sabo. Inna ta ce matan ƙauye kowace tana da surinta da take ɓoyewa, ko 'yar uwarta ba ta faɗa wa, domin inda ya fito bana nan yake sake fitowa baɗi, kusan a lokaci guda.

Wajen ƙarfe 9 muka sami na farko. Wasu 'yan ƙanana ne farare, kowane bai fi kan yatsa ba, sun fito tuli guda a kan wata jar ƙasa da gara ta turo waje, sai ka ce an watsa shinkafa. Muka durƙusa muna tsinta ɗaya bayan ɗaya, muka yi kusan rabin awa kafin mu rufe gindin ƙwarya. Inna ta ce waɗannan suna da zaƙi a miya, amma ba su Umma take nufi ba, babban take so. Ta shimfiɗa ganyen kalgo a kai, ta miƙa min ƙwaryar in riƙe. Ta hana ni zubawa a leda, ta ce leda tana sa shi gumi ya narke.

Muka ci gaba har muka iso mashaya, inda hanyar shanu ta gangaro kogi. Inna ta tsaya a gaban wani ƙaton kututture da ya yi toho ta gefe, ta dafa shi. Ta ce ƙirya ce, masu gawayi suka sare ta shekara uku da suka wuce. A ƙarƙashinta suke ajiye tulu su huta suna 'yan mata. Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce duk ƙauyen nan ba a yi yarinya mai idon naman kaza kamar Umma ba. Shekarar da abinci ya ƙare masu tun kafin masara ta nuna, mahaifinsu yana kwance, Umma ce take fita da duku-duku ta dawo da ƙwarya cike, a dafa da tafasa da ɗan gishiri, da shi suka kai kaka. Tana da shekara 14 aka ɗaura mata aure aka kai ta Kano. Zuwanta na farko gida ta koma da naman kaza a ƙulle, ta yi miya, matan gidan suka taru suna dariya wai amarya ta dafa laimar kwaɗi, uwar mijinta ta sa aka zubar har da wanke tukunyar da toka. Daga ranar ba ta sake ambatarsa ba.

Na rasa abin cewa. Kakata ce ta wurin uba aka ambata, wadda ta goya ni, kuma Allah Ya ji ƙanta ba muguwa ba ce, abin da ta sani ke nan. Ni ma da ina wurin da ni za a yi dariyar.

Inna ta ce za ta ɗan kewaya, mu jira ta. Ni kuwa zuciyata ta ƙi zama, na ce yau sai na samo wa Umma da hannuna. Na hau tudu ni kaɗai, sai ga ni a wani tsohon mashekarin Fulani, ciyawa ta yi kore shar saboda kashin shanu. Jama'a, abin da na gani! Ga su nan manya-manya farare sun yi da'ira kamar an dasa, wasu sun buɗe kamar faifai, wasu ba su buɗe ba kamar kan muciya, da 'yan ɗige-ɗige ruwan ƙasa a sama da wani zobe a wuya. Kyau kam ba a magana. Na yi hamdala, na hau tsinka ina zubawa a ƙwarya a kan waɗancan ƙananan, da ta cika na danna da hannu don in ƙara, wasu suka farfashe. Na gangaro ina kiran Inna tun daga nesa, bakina har kunne.

Tana leƙa ƙwaryar fuskarta ta canja. Ta ɗauki wanda ya fi tsufa ta kifa shi, ta nuna min ƙarƙashinsa. Maimakon fari, saƙar cikin ta yi wani dishi-dishin kore kamar tsohon tagulla. Ta ce, "A ina kika tsinko?" Na ce a mashekari. Ta ce, "Kin ga suri a wurin?" Na ce a'a. Ba ta ƙara magana ba ta nufi bakin kogi ta kifar da ƙwaryar gaba ɗaya, har da ƙananan da muka sha wahalar tsinta. Na ce, "Haba Inna, ai da mun tsince masu kyan." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kin ragargaza su sun cakuɗe, wa zai tsince? Wannan ƙato mai lafiya in ya ci, kafin la'asar amai da zawo sun kayar da shi. Yayata da ƙashi da fata kawai suka rage mata fa? 'Yar nan, da hannunki za ki kai ta kushewa." Ta sa na wanke hannu da yashi, ta cuɗa ƙwaryar ita ma.

Na zauna a kan dutse jikina yana rawa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ni kaɗai na zo, ko da Inna ba ta duba ba, da murnata zan dafa shi, in zauna in lallashe ta ta ci.

Daga baya ɗana, wanda yake karatun kimiyya a jami'a, ya yi min bayanin da ya yi daidai da na Inna. Mai koren ciki ɗin nan yana cikin waɗanda suka fi sa mutane ciwo a ƙasashe da dama, saboda ya yi kama da wani da ake ci, kuma tun yana ƙarami cikinsa fari ne, sai ya tsufa koren yake bayyana. Akwai kuma waɗanda suka fi shi sharri, masu wata 'yar jaka a gindi, waɗanda ba a jin komai sai bayan awa 6 ko fiye, mutum ya yi amai ya ji kamar ya warke, ashe hanta ce take lalacewa. Dafuwa ba ta kashe dafinsu. Zancen da ake yi cewa in ƙwari suna ci to mutum ma zai iya ci, ko a jefa cokalin azurfa a tukunya a ga ko zai yi baƙi, duk ba gaskiya ba ne. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce ya iya, ni da na je da ƙafata ma ban iya ba.

Rana ta take, ƙwarya babu komai. Muka ci ɗumamen da muka ƙullo, muka sayi nono wurin wata Bafulatana da ta zo wucewa, muka yi azahar a kan wani falalen dutse. Ƙafata ta yi ƙuna, ƙudaje sun dame ni, ga hadari ya fara haɗuwa can kudu wajen duwatsun Riruwai. Ɗana ya ce mu haƙura. Inna ta dubi hadarin ta dubi kogi, ta yi shiru, can ta ce akwai wuri ɗaya, amma sai mun yi sauri. Ashe surinta ne na ɓoye, wanda ta gada wurin tsohuwarsu, ba ta so jikan nata ya gani ba domin bakinsa ba ya shiru. Ta sa shi ya yi alkawari sau uku.

Yana cikin wata sarƙaƙiya bayan wata tsamiya, sai da muka sunkuya muka kutsa. Suri ne tsoho da ya fi ni tsawo, gefensa ya zaizaye. A gindinsa ga guda huɗu, launin toka-toka da ruwan ƙasa, ba su kai waɗanda na tsinko kyau ba ko kusa. Uku sun buɗe, faɗin kowane ya kai tafin hannu biyu, ɗaya kuma yanzu ya fasa ƙasa. Inna ta kama yatsana ta ɗora a tsakiyar hular, na ji wani tsini mai tauri, ta ce da shi yake huda ƙasa. Ta karɓi sanda ta riƙa tona gefe a hankali, ta kama gindin tana murzawa tana ja, sai ga wata doguwar jela ta biyo, siririya, ta kusa kamu guda. Ta ce, "Kin gani? Na gaskiya da igiyarsa yake zuwa, daga ɗakin zago take."

Ɗana ya ce haka abin yake. Irin wannan gara noma take yi a cikin suri. Tana tauna itace da busasshiyar ciyawa ta gina wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, wannan tsiro ya bazu a kai ya narkar da shi, sannan garar ta ci. In damina ta yi sai ya miƙo jela ya ratsa ƙasa ya fito sarari. Shi ya sa ba a samunsa a gonar naman kaza irin wadda ake noma na kanti, sai inda gara take. Ya ce akwai wani ɗan uwansa a ƙasar Zambiya da faɗin hularsa kan kusa mita guda. Inna ta ce ita dai ba ta je Zambiya ba, amma ta taɓa ciro wanda ta yi lema da shi.

Ta ciri uku ta bar ƙaramin, ta mayar da ƙasa ta toshe ramukan. Na ce me zai hana mu haɗa da shi, ta ce ba a yi wa suri ƙarƙaf.

Komowa ce ta zama aiki. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, amma da muka iso ƙoramar da muka tsallaka da safe sai muka tarar ta kawo, ruwan da aka yi a kan duwatsu ya gangaro. Abin da yake idon sawu ya kai cinya, ga ƙarfi. Inna ta karya kara ta soka a bakin ruwan, muka tsaya muna kallo, cikin 'yan mintoci ruwa ya haye alamar. Ta ce ƙaruwa yake, in za mu wuce yanzu ne. Ɗana ya saɓa yaron a wuya ya kai shi, ya dawo ya kama Inna, sannan ni. Na ɗora ƙwaryar a ka na dafe da hannu ɗaya, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. A tsakiya yashi ya zame min, takalmin mijin Inna ƙafa ɗaya ya tafi, amma ƙwarya ba ta motsa ba. Har yau yana tsokanata in biya shi takalminsa.

Muka sami mota da kyar a bakin titi, ba mu shiga Kano ba sai bayan isha. Ko zane ban canja ba na shiga kicin. Na yi yadda Inna ta koya min: na kankare ƙasar da wuƙa, na ɗauraye sama-sama, na yayyaga da hannu maimakon yankawa, na dafa shi sosai da daddawa da albasa da ɗan barkono, na kaɗa ɗanyar kuɓewa, gishiri kaɗan saboda likita. Ƙamshin da ya tashi kamar na nama da ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Na tuƙa tuwon dawa mai laushi.

Na tarar ba ta yi barci ba. Na ajiye kwanon na koma bakin ƙofa na zauna. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta wanke hannu. Loma ɗaya, biyu, uku, ina ƙirgawa a zuci, har na daina. Ta ce wa autata, "Gaya wa uwarki daddawar ta yi kaɗan." Ta ci gaba da ci. Da ta kusa cinye malmalar sai ta ɗago, ba ta dubi yarinyar ba, ni ta duba.

"Ƙiryar nan ta mashaya tana nan?"

Na ce, "An sare ta Umma, amma kututturen ya yi toho."

"Masu gawayi ko?"

Na ce e.

Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta turo min kwanon ta ce, "Ƙaro min miyar."